Kifin Tafkin Kan Dutse

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

'Yar Kwalba ta jefar da littafin nan a kwandon shara don kawai ta ɓata shafi uku. Na tsince shi. Mu da muka tsaya a aji huɗu, takarda gaba da baya muke cikawa har gefe. Ta ce, "Kaka, me za ki rubuta?" Na ce gulmarki. To ga shi na fara.

Saboda wanda zai tsinci littafin bayan raina: 'Yar Kwalba jikata ce, 'yar ɗana na fari. Ni na laƙa mata sunan, don jakarta ba ta rabuwa da wasu 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa. Wata biyu ke nan ina zaune wurinta, ɗaki biyu a bene, saboda likitan gwiwa. Shekara huɗu tana aikin babban digirinta a kan kifi. Kifi fa! Na ce mata sa'o'inta sun auri mutane, ita ta auri karfasa.

Yau muna shan shayi ta ce sai na fahimci aikin ko ta ƙarfi. Ta ce a jikin kowace halitta akwai rubutun gado, rabi daga uwa rabi daga uba. A wasu wurare rubutun yakan yi in'ina, ya yi ta maimaita abu ɗaya, ta-ta-ta-ta. Wani kifin sau goma, wani sau goma sha huɗu. Wuraren nan su suke kira maikurosatalayit. Na ce ki bar ni da in'ina, wancan sunan zai ƙarasa min haƙoran da suka rage.

Wuri goma sha biyu take ƙirga in'inar a jikin kowane kifi. Kifayen da ke ruwa ɗaya suna haihuwa da juna, ƙirgarsu takan zo kusa. Waɗanda suka daɗe da rabuwa, kowane gida da irin tasa in'inar. A ƙarshe na'ura ta ba da lamba tsakanin sifili da ɗaya. Sifili, 'yan ɗaki ɗaya ne. In ta yi sama, dangantaka ta yi nisa.

Ruwa huɗu ta auna: koguna uku, sai tafkin kan dutse na ƙauyenmu, wanda ba kogin da ke shiga ba wanda ke fita. Farfesanta ya ce kifin tafkin zai fita daban da kowa, don tun kaka da kakanni a kulle yake. Ta nuna min shafin farko na littafinta. Ta rubuta: "Ga kakana, Uban Tafki." Marigayi mijina ke nan. Haka ƙauye ke kiran sa.

Yau lambar tafkin za ta fito. Ta fita da sabon mayafi.

Litinin, bayan la'asar

Ta dawo. Ba ta ci abinci ba. Mayafin na kan kujera a cukurkuɗe.

Talata, 5 ga wata, da safe

Sai yau ta yi magana. Lambar ta fito kusa da sifili. Kuma ba da kogunan da ke kusa da mu ba. Da kogin nesa, wanda sai an wuni a mota.

"Kogin garinku, Kaka, inda aka haife ki. Kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke da kifin tafki. Ta ina? Kifi fiffike gare shi?"

Na ce ikon Allah. Na tashi na wanke kofin da na riga na wanke.

Ni me na sani game da kifi?

Alhamis, 7 ga wata, bayan azahar

Ta sake gwajin sau biyu. Lamba ɗaya.

Farfesan ya ce ta cakuɗa kwalaben. Ta zo tana faɗa min, kamar ni ce alƙali. Ta ce kowane kifi, ɗan gefen jelarsa take yanka, bai kai yankan farce ba, ta jefa a kwalbar sifirit, ta mayar da kifin ruwa. Lamba sau biyu take rubutawa, ɗaya a marfi, ɗaya da fensir a 'yar takarda cikin kwalbar, don fensir ba ya gogewa a sifirit. Kifi arba'in ta yanka a tafki, a watan da ba shi ne na kogin nesa ba, kuma akwatinsu daban a firiza.

Na ce, "Yarinyar da ke jera min ƙwayoyin magani kamar sojoji, ita ce za ta cakuɗa kwalba? A kawo min farfesan nan in duba masa ido."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce shekara ashirin da suka wuce shi ne ya auna tsawon kifin tafkin da faɗin kansa, ya rubuta cewa iri ne na daban, kuma da wannan takardar aka san shi.

Na ce to, ashe kin taka wa zaki jela.

Asabar, 9 ga wata, da hantsi

An kawo wasiƙa. Yanzu ba cewa ake ta cakuɗa ba. Cewa ake ta raba kifin kogi gida biyu, ta rubuta wa rabi sunan tafki don gudun wahalar hawa dutse. Ƙarya ke nan a cikin ilimi, kuma hukuncinta kora. An karɓe makullinta, an sa wa firizar kwaɗo. Kwamiti zai zauna ranar ashirin da ɗaya ga wata.

Ta roƙa a koma tafkin a sake yanka, kowa ya gani. Farfesan ya ce ba za a ɓata kayan gwaji a kan ganda ba, sai in kwamiti ya ga dalili. An tambaye ta dalilin da zai sa kifin kogin nesa ya kasance a kan dutse. Ba ta da shi.

Ta karanta min wasiƙar sau uku.

Lahadi, 10 ga wata, da rana

Gwiwa ta hana ni sakat.

Ƙarya nake. Ba gwiwa ba ce.

Talata, 12 ga wata, da yamma

Maƙwabciyar ƙasa tana soya kifi, ƙamshin ya hawo bene ya same ni har kan gado. Na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma.

Shekara arba'in da uku ban sa kifi a baki ba. 'Ya'yana sun san yana sa min ƙaiƙayi. Ni na gaya musu, su kuma suka gaya wa nasu 'ya'yan. Har 'Yar Kwalba ta taɓa cewa za ta auna jinina ta ga abin da ke kawo shi. Na ce auna na ubanki, nawa ba na sayarwa ba ne.

Ta rame. Zoben hannunta yana juyawa. Na dafa shinkafa, ta ci cokali uku don in daina kallon ta.

Laraba, 13 ga wata, bayan la'asar

Ta shimfiɗa takardun a tsakar ɗaki har ba wurin taka ƙafa. Kowace takarda da zane kamar tsaunuka masu tsini, shuɗi da kore. Ta ce kowane tsini ƙirgar in'ina ɗaya ce. Na zauna a bakin gado ina yi mata ba'a, na ce wannan tsinin hancin farfesa ne.

Sai ta ɗago takardu uku. "Kaka, dubi. Cikin arba'in ɗin nan, uku suna da ƙirgar da babu ita a kogin nesa, babu ita a kowane kogi. Rabin jikinsu na kogi ne, rabi na wani abu da ban sani ba. In kifin kogi na raba biyu, waɗannan daga ina? Na nuna masa, ya ce datti ne ya shiga na'ura."

Uku.

Akwai wani kogo a ƙarƙashin baƙin dutse, ta gefen da ruwa ke ɓuɓɓugowa. Ruwan wurin kullum sabo ne. Na tuna shi har sanyinsa ya taɓa min ƙafa.

Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa bari in yi miki tatsuniya. Wata mata ce, na ce, ta ga ruwa ya ƙi hawa tudu, sai ta ɗauke shi a ka ta kai shi. Ta ce sai aka yi yaya? Na ce sai gwiwarta ta lalace, jikarta ta kai ta wurin likita.

"Kaka, ba ki ƙarasa ba."

Na ce na manta sauran. Tsufa.

Alhamis, 14 ga wata, da safe

Ni me na sani game da kifi.

Juma'a, 15 ga wata, da hantsi

Ta fita neman wani malami da aka ce zai iya sa baki. Na kulle ƙofa. Bari in rubuta, ko hannu zai iya abin da baki ya kasa.

Shekarar da na haifi ƙanen ubanta, marigayi ne aka ɗora wa kula da tafkin. Shi ke cewa yau a yi su, gobe a bari. Wani direba ya gaya masa cewa in aka zuba marfi ɗaya na maganin feshin gona, kifi zai taso da kansa, a kwashe ba wahalar taru. Mijina ba mugu ba ne, amma mutum ne mai cewa in kaɗan ya yi kyau, da yawa ya fi. Gwangwani guda ya juye.

Kwana uku kifi yana tasowa, ciki fari a sama. Manya, ƙanana, har kwaɗi. Warin ya sauko ƙauye ya shiga cikin tufafinmu. Awaki biyu sun sha ruwan sun mutu.

Akwai wani marini a gindin dutsen, baƙo ne, shekara shida da zuwansa. Aka ce ruwan shuninsa ne. Ramukansa suna ƙasa, tafkin yana sama, kuma ko yaro ya san ruwa ba ya hawa tudu. Amma hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, kowa yana gani. Hannun mijina kuwa fes.

An taru a kasuwa. Marinin ya ce ya ga mijina a bakin ruwa da gwangwani da sassafe. Aka juyo wurina, ina tsaye da goyo. Aka ce, ina mijinki yake a safiyar nan?

Na ce yana ɗaki, zazzaɓi ya kama shi.

Kalma nawa ce? Na ƙirga yanzu. Shida.

Aka cike masa ramuka da ƙasa, aka fasa tukwanensa. Ya loda matarsa da 'ya'ya biyar a amalanke. Da suka zo wucewa ta ƙofarmu bai zage ni ba. Kallo na kawai ya yi. Babbar 'yarsa tana riƙe da kaza.

Bayan damina ta wanke tafkin, mijina ya ce mu je gaida gyatumata, ba ta da lafiya. Lafiyarta ƙalau. Mun je kogin garinmu, ƙanena ya kama mana 'ya'yan karfasa, muka zuba a garwa huɗu, muka ɗaure bakin da zane. A bayan babbar mota na riƙe biyu tsakanin gwiwoyina, wuni guda, ruwa yana fantsala min a jiki. Duk inda aka tsaya mu canza ruwa. Masu tambaya mu ce ruwan magani ne. Da tsakar rana muke hawa dutsen, lokacin da kowa ya shige inuwa. Sau uku muka yi tafiyar. A ta biyun kifayen duk sun mutu a hanya.

Bayan shekara biyu tafki ya cika da kifi. Aka ce albarkar hannun mijina ce. Daga nan ya zama Uban Tafki. Ya amsa sunan shekara talatin, kuma ya kula da ruwan nan kamar ɗan cikinsa, wannan gaskiya ne, ba zan rage masa ba. Amma bai taɓa tayar da maganar marinin ba, ni ma ban tayar ba.

Farfesan, da ya zo da ma'auninsa bayan shekara ashirin da wani abu, jikokin garwata ya auna. Ruwan dutse ne kawai ya sauya musu ƙira.

Yanzu ga yarinya ta faɗi gaskiya a gaban mutane, an ce ƙarya take. Kuma ni ce dai a tsaye a gefe.

Asabar, 16 ga wata, bayan azahar

Na kira ubanta a waya tana wanka. Na faɗa masa a gurguje.

"Inna, wa kika gaya wa?"

Na ce kai kaɗai.

"To ya tsaya nan. Ki bar mamaci ya huta. Da sunan Baba muke shiga ko'ina a garin nan. Kin san abin da za a ce mana?"

Na ce 'yarka fa?

"Yarinya ce, za ta samu wani aikin. Digiri ba shi ne Aljanna ba. Inna, don Allah. Kin yi shiru shekara arba'in, me ya rage?"

Na ce shekarun da suka rage ai su ne kaɗan, shi ya sa. Ya ce ana kiran sa.

Muryar ubansa sak. Da 'Yar Kwalba za ta ƙirga in'inarsu, sifili za ta samu.

Litinin, 18 ga wata, da yamma

Malamin da aka ce zai sa baki ya ba ta shawara ta janye da kanta kafin kwamiti ya zauna, don kada a rubuta kora a takardarta. Na tarar da ita tana zuba littattafai a kwali. Ta riga ta rubuta wasiƙar janyewar, tana kan tebur ƙarƙashin gwangwanin sukari.

Na ce ina za a kai mijin naki karfasa? Ta yi murmushin da gara kuka. Ta ɗauki shafin farkon nan ta duba, ta ce, "Gara da Allah ya ɗauki kakana bai ga wannan ba. Shi ya tsare tafkin da amana, ni na zo na ɓata masa suna."

Na jawo littafin nan daga ƙarƙashin matashi.

Na ce, "Zo. Kin tuna na ce gulmarki nake rubutawa? Buɗe ranar Juma'a. Rubutun ba kyau, ki yi haƙuri."

Na miƙa mata littafin, na ɗauki sandata na fita na zauna a matakala. Na ƙirga matakan daga inda nake zuwa ƙasa. Goma sha bakwai. Na sake ƙirgawa. Ba ta kira ni ba. Da aka yi kiran magariba na koma, na tarar da littafin a kan matashina, ƙofar ɗakinta a rufe.

Talata, 19 ga wata, da hantsi

Ta fito da biro da takarda, ta zauna nesa da ni. Ba gaisuwa.

"Garwa nawa?"

Huɗu.

"Kifi kamar nawa a kowace?"

Na ce ban ƙirga ba, kamar cikin tafi biyu.

"Tafiya nawa ta kai da rai? Wane wata? Daga wane gefen kogin?"

Na amsa duka. Na gaya mata kogon ƙarƙashin baƙin dutse, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa. Ta daina rubutu. Ta ce a nan ta kama ukun nan. Wato wasu 'yan tsiraru sun ɓuya a ruwan sabo sun tsira daga maganin, suka haihu da baƙin da muka kawo. Abin da ya rage na ainihin kifin tafkin ke nan, rabin jiki a kifi uku.

Na so in yi wasa, na ce ashe kakarki ta riga ki shiga harkar kifi. Ta ɗago ta dube ni. Kallon ya yi min kama da na marinin nan.

"Mako biyu kina kallo na ba na cin abinci."

Na ce e.

"Marinin fa?"

Na ce ya rasu da daɗewa. Babbar 'yarsa aure ya dawo da ita kusa, tana sayar da kwanuka a kasuwarmu. Shekara da shekaru ina zagaye layinta.

Ta yaga wasiƙar janyewar. Ta ce jibi in sa takalmin da ba zai zame ba, benensu da santsi.

Alhamis, 21 ga wata, bayan la'asar

Mun je. Sai da muka bi ta ɗakin gwajin. Sanyi kamar cikin randa, wari kamar asibiti, fararen tebura, da wata na'ura mai gurnani ita kaɗai. Na ga firizar da kwaɗonta. Shekara huɗu na yarinyar nan a ciki.

Mutum biyar ne a bayan dogon tebur. Shugabar mace ce mai furfura, ta sa aka kawo min kujera mai hannu. Farfesan yana gefe. Na zaci zan ga ƙato, ashe ɗan siriri ne mai tari. Har ya ba ni tausayi kaɗan. Kaɗan fa.

Na faɗa musu duka, gwangwani, kasuwa, kalma shida, garwa huɗu. Ban yi wasa ko ɗaya ba, wanda ya san ni zai ce ba ni ba ce.

Farfesan ya ce, "Da girmamawa, Hajiya, tsohuwa za ta iya faɗin komai don ta ceci jikarta."

Na ce, "Ɗana, ƙarya sana'ata ce, na fi ka sanin ta. Da ita zan yi yau, da na zaɓi wadda ba za ta tono mijina daga kabari ba."

Wani a ƙarshen tebur ya yi tari ya rufe baki.

Shugabar ta tambaye ni kogon, ta sa na zana mata inda yake. Ta karɓi takardu ukun nan daga hannun 'Yar Kwalba, ta daɗe tana dubawa. Ta tambayi farfesan ko datti yana zaɓar kifin kogo ɗaya ya shiga.

Hukunci: ba a wanke ta ba, ba a kore ta ba. Za a tura mutum biyu daga wani sashe su hau dutsen su yanka da hannunsu, su gwada a wata na'ura. Ita ta nuna wuri kawai, kada ta taɓa kwalba.

A hanya ta riƙe min hannu wajen tsallaka titi. Muna tsallakawa ta saki.

Laraba, 27 ga wata, da yamma

Na bi motarsu zuwa ƙauye. Su suka hau dutse, ni na ce a sauke ni a kasuwa.

Tana nan a rumfarta, kwanuka jere har sama. Ta yi furfura ita ma. Na yi sallama, ta amsa, ta ce me za a ba ni. Na ce ba saye na zo ba. Na faɗa mata komai a tsaye.

Ta ci gaba da goge wani kwano har na gama.

"Iya, wannan ai mun san shi tun ranar. Babanmu ya gaya mana a kan amalanke. Bai sake taɓa shuni ba, dako ya yi har ƙirjinsa ya kashe shi. Biyu daga ƙannena ba su kai shekara ba a inda muka je."

Na ce ki yafe min.

"Ba a rumfata aka yi ba. A tsakiyar kasuwa aka yi, gindin bishiyar can. Can za ki kai kayanki."

Laraba, bayan magariba

Na kai. Gindin bishiyar na tsaya na faɗa. Ranar kasuwa ce, da mutane.

Asabar, 30 ga wata, da safe

Mun dawo. Na kira ubanta sau huɗu, bai ɗauka ba. Matarsa ta ce ya fita. Ina jin tarinsa a bayanta.

Laraba, 11 ga sabon wata, bayan azahar

Sakamakon mutanen ya fito. Lambarsu da tata ɗaya, har da biyu masu baƙuwar in'ina daga kogon. An cire kwaɗon. Ta shigo ta ajiye makullin a kan tebur, ba guɗa ba tsalle. Ta ce yanzu sai ta sake rubuta rabin littafin, don tambayar ta canza. Da ana tambayar yaya nisan kifin tafki da sauran. Yanzu ana tambayar me ya rage.

Ta ci abinci, kwano guda. Na zauna ina kallo.

Har yau ba ta kira ni Kaka da irin muryar da ba. Ubanta bai kira ba. Maƙwabciya tana soya kifi, ban rufe taga ba, ban kuma ce zan ci ba.

Da ta gama ta kawo shafin farko ta ajiye a cinyata. Ta share Uban Tafki. Ta rubuta "Ga", sai fili.

"Ba wanda ya gaya min sunansa. Kowa marini yake cewa. Kin sani?"

Na sani. Shekara arba'in da uku yana bakina kamar ƙaya.

Na faɗa. Ba ta ji sosai ba, ta ce in sake. Na sake, a hankali, har da sunan mahaifinsa. Ta rubuta da biro, sannan ta ɗauki fensir ta sake rubutawa a 'yar takarda ta sa a tsakiyar littafin, yadda take yi wa kwalabenta.